Gobe da Nisa

A shekarata ta uku a jami'a, inda na karanci ilimin labarin ƙasa, aka koya mana yadda ake auna nisan sama tsakanin wurare biyu. Lissafin ba shi da wuya. Za ka nemo matsayin kowane wuri a kan layukan taswira, na kwance da na tsaye, ka ɗauki duniya tamkar ƙwallo wanda daga cibiyarsa zuwa bayansa kilomita 6,371 ne, sannan ka fitar da tsawon zaren da za a miƙa daga wannan wuri zuwa wancan ba tare da ya karkace ba. Malaminmu ya ce kowa ya gwada da garinsu. 'Yan ajinmu na birni suka buɗe wayoyinsu, suka ga unguwanninsu har da sunayen tituna. Ni kuwa na yi ta jan taswira da yatsa gabas da Haɗeja, cikin fadamar da ta miƙe har Nguru, ban ga sunan ƙauyenmu ba. Da kurmin goruba da ke yammacinmu na gane wurin a hoton tauraron ɗan Adam. Na dasa alama a kan wani farin ɗigo da na tabbata rufin kwanon masallacinmu ne, na ja layi zuwa Legas. Amsa ta fito: kilomita 1,000 da 'yan kai.

Da aka yi hutu na koma gida da wannan adadi kamar wanda ya zo da tsaraba. Na tarar da mahaifina a gindin tsamiya yana ɗinkin taru.

Na ce, "Baba, yanzu na san nisan da ke tsakaninmu da Ikko." Da wannan sunan tsofaffinmu suka san Legas.

Ya ce, "Kwana nawa ne?"

Na ce, "Ai ba da kwana ake aunawa ba. Kilomita dubu ne, in an miƙe sak ta sama. Jirgi ba zai cika awa biyu ba."

Ya ja zaren da haƙori ya tsinke shi, sa'an nan ya ce, "To, Auta, ka auna wa tsuntsaye nasu. Saura namu."

Na yi dariya, shi ma ya yi. Tsuntsaye kam muna da su. Kowane hunturu sukan taso daga ƙasashen Turai, su tsallake hamadar Sahara, su sauka a fadamarmu su ci abin da Allah ya hore musu, su koma. A raina kuwa na ɗauki maganar Baba a matsayin irin ta mutanen da ba su shiga aji ba. Mutanenmu da lokaci suke auna nisa: wannan gari tafiyar hantsi ne, wancan sai an yini, wancan kuma sai an kwana a hanya. Ma'aunin nasu ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsakaninmu da Haɗeja kilomita 40 ne. Da rani mai babur zai kai ka cikin awa ɗaya da rabi, yana kokawa da yashi. Da damina ta nutsa, sai ka ji an ce Haɗeja ta yi nisa, kamar dai garin ne ya naɗe tabarmarsa ya ƙara gaba. Ni ɗalibin taswira, na riƙa ganin wannan rashin tsari ne. Gari ba ya tafiya, nisa kuma adadi ɗaya ne rani da damina. Haka na rubuta a jarrabawa, haka kuma na ci.

Jirgin sama ba baƙonmu ba ne, illa dai ta ƙasansa muka san shi. Muna yara, in muka hango farin zare yana tsaga sama ya nufi gabas, sai mu watsar da wasa mu bi shi da gudu muna ihun jirgin alhazai, muna aika gaisuwa Makka. Daga baya na karanta cewa tun a 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, shekara biyar kafin layin dogo ya iso Nguru a 1930. Ke nan kusan shekara ɗari sararin da ke bisa kanmu yana zaman babbar hanya, mu kuwa da ke ƙarƙashinta ba mu da ko burji.

A 2022 aka tura ni Legas hidimar ƙasa. Na sami masauki a Agege, a gidan wani dattijo Bakano mai fataucin goro, wanda ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Agege tana maƙwabtaka da Ikeja, inda filin jirgin sama na Murtala Muhammed yake, saboda haka dare da rana ƙarar jirage ba ta yanke mana ba. Nakan kwanta ina jin su, in ce a raina gida awa biyu ne kacal. Wannan tunani ya rage mini kewa ƙwarai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, shin a ina jirgin zai sauke ni?

Daminar shekarar kowa ya san yadda ta kasance. Ambaliya ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba mutane sama da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mu a fadama ruwa ba sabon abu ba ne, da shi muke noman shinkafa, da shi muke su. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta sauya. Ruwa ya koma kwanciya a wasu magudanai shekara cur, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe su, don haka in babban ruwa ya zo sai ya rasa hanyarsa ta asali, ya fantsama inda ba a sa ran sa. Kafin tsakiyar Satumba ƙauyenmu ya zama tsibiri. Mutane suka kwashe abin da suka iya ceta na hatsi da dabbobi zuwa tudu. Macizai ma tudun suka nufa.

Ranar wata Laraba, ƙarfe biyar da rabi na asuba, wayata ta yi ƙara. Yayata ce. Sai da ta ratsa ruwa iya ƙugu zuwa kan jigawar da ake samun sabis kafin ta same ni, muryarta tana zuwa tana ɗaukewa.

Ta ce, "Auta, maciji ya sari Baba tun shekaranjiya da yamma, yana jan damin gero. An yi na gida, an ɗaure, an tsaga, an ba shi jiƙo. Jiya har ya zauna ya sha kunu. Yau kuma dasashinsa jini yake yi, wurin tsagar ma ya ƙi tsayawa."

Na ce, "Yaya, wane iri ne? An gan shi?"

Ta ce, "An kashe shi. Gobe-da-nisa ne. Ka zo, Auta. Kai yake ta tambaya." Sai layin ya yanke. Na kira har sau goma sha, bai ƙara shiga ba.

Wannan maciji, wanda wasu ke kira kububuwa, ƙarami ne, da wuya ya kai tsawon hannu. Dafinsa yana hana jini daskarewa. Shi ya sa yake yaudarar masu jinya: mutum zai yi kwana ɗaya ko biyu kamar yana samun sauƙi, alhali jininsa ya zama kamar ruwa, yana tsiyaya ta dasashi, ta fitsari, ta cikin ciki, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. Maganinsa sananne ne, allurar kashe dafi ce da ake yi ta jijiya a asibiti, kuma takan yi aiki ko da an kwana biyu da saran, muddin jinin bai riga ya yi ɓarna a inda ba a iya gyarawa ba. Duk wannan na san shi a safiyar nan. Na san cewa abin da Baba yake bukata shi ne ya isa asibiti.

Na buga wa maigidana ƙofa na faɗa masa. Ya yi salati, ya shiga ɗaki ya fito da kuɗi a ƙunshe. Na ce zan haɗa da ɗan abin da na tara in sayi tikitin jirgin Kano. A wancan lokacin alawus ɗinmu na masu hidimar ƙasa naira 33,000 ne a wata, tikitin da aka saya a ranar tafiya kuwa ya kusa cinye na wata uku.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dai ka tura musu kuɗin nan su fito da shi, kai kuma ka bi mota a hankali?"

Na ce, "Alhaji, zuwa da kai ya fi aike."

Bai ja da ni ba. Ya ce Allah ya sa a tarar da alheri, ya sa yaronsa ya kai ni Ikeja a babur.

Ranar ce ta farko da na taɓa shiga jirgin sama. Mun tashi ƙarfe goma sha biyu na rana. Na ga Legas tana ƙanƙancewa, rufin gidaje ya koma kamar an watsa ƙwaryar wake, sai gajimare ya rufe kome. Can ya buɗe, na hango kogin Kwara ya cika ya batse, ya yi jajir. Aka miƙo mini ruwan gora da biskit. Akwai abin da nake jin nauyin faɗa, amma zan faɗa domin shi ne gaskiya: na ji daɗi. Mahaifina yana kwance jini na zuba, ni kuwa wani ɓangare na zuciyata yana alfahari da cewa ɗan masunci ya hau gajimare. Har na ɗaga waya na ɗauki hoto ta taga. Hoton yana nan, ban iya share shi ba, ban kuma iya duban sa ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Kimanin kilomita 830 ke nan cikin awa ɗaya da rabi, tafiyar da motar haya kan kwana ta yini a kanta. Na duba taswirar wayata, na ga abin da ya rage tsakanina da gida a miƙe bai wuce kilomita 200 da kaɗan ba. Na ce a raina na ci kashi huɗu cikin biyar na tafiyar, kafin magariba ina gaban Baba.

A tasha sai da muka jira mota ta cika. Muka bar Kano wajen ƙarfe uku. Tafiyar da aka saba yi cikin awa uku ta ɗauke mu biyar, domin ruwa ya yanke hanya a wani wuri, dole direba ya yi zagaye, a wani wurin kuma muka sauka muka tura. Na isa Haɗeja bayan isha'i. Ɗan kawuna da ke ɗinki a garin ya samo mini ɗan acaɓan da ya yarda ya yi tafiyar dare, muka yi kilomita 25 cikin taɓo, muna faɗuwa muna tashi, har inda ƙasa ta ƙare. Ƙarfe goma na dare na tsaya a bakin ruwa. Kilomita 15 suka rage.

Akwai 'yan rumfuna a wurin, da masu shayi, da kwalekwale kusan goma a ɗaure. Na roƙi masu su ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo a cikinsu, wanda ya san Baba tun suna samari a wajen su, ya kama hannuna ya zaunar da ni.

Ya ce, "Samari, ko ubana ne ba zan shiga kacallar nan da dare ba. Da rana ma sai wanda ya san ƙofofinta. In muka ɓace a ciki, ko muka kife, gawa uku za a nema maimakon mara lafiya ɗaya. Ka bari a yi asuba."

Na ce, "Baffa, babu mai inji?"

Ya ce, "Akwai guda ɗaya. Yau tun safe yana nan a ɗaure, babu wanda ya ɗauke shi, saboda mai shi ba ya tayarwa sai an ba shi kuɗin mai a hannu. Sai da la'asar wani ɗan kasuwa ya yi shatarsa zuwa ƙauyukan arewa kwaso shinkafa. Sai jibi."

Na tambayi kuɗin shatar, zuwa ƙauyenmu da dawowa. Ya faɗa. Bai kai rabin abin da na biya na tikiti ba. Na ɗaga kai, sai ga rumfar mai POS a gabana, da 'yar fitilarsa mai caji, yana ƙirga cinikin yini.

A daren nan na yi lissafin da ya fi kowane na taɓa yi a jami'a sauƙi. Da na tura wa ɗan kawuna kuɗin nan ƙarfe shida na safe, da kafin tara yana bakin ruwa. Mai inji yana cin kilomita 15 ɗin nan cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Da kafin la'asar ta ranar Laraba Baba yana kan gadon asibiti a Haɗeja, da sauran canjin da za a sayi allura. A daidai lokacin da nake ɗaukar hoton gajimare, jirgin da Baba yake bukata yana ɗaure a nan, igiyarsa a jikin turke. Na tashi da asuba na ga nisa iri biyu a gabana, na kilomita 1,000 da ke tsakanina da shi, da na kilomita 40 da ke tsakaninsa da magani. Na zuba duk abin da na mallaka a kan na farko, saboda shi ne mai babban adadi, shi na iya aunawa, kuma shi ne nawa.

Da aka sallame sallar asuba muka shiga ruwa. Dattijon da ɗansa suna tura kwalekwalen da gora, muna bin 'yan siraran hanyoyi cikin kacallar da ta fi tsayin mutum. Muka wuce ta kan gonakin da na sani, kan dawa kaɗai ke leƙowa. Awa huɗu muka yi. Ƙarfe goma na safiyar Alhamis na taka ƙasar garinmu, awa 28 da rabi bayan kiran Yaya. A cikinsu, awa ɗaya da rabi ce ta sama. Awa 12 kuwa kilomita 15 na ƙarshe ne suka cinye su.

Na tarar da shi da ransa. Ƙafar ta kumbura har cinya, idanunsa sun yi fari fat. Ya gane ni.

Ya ce, "Auta, an ce ta sama ka zo."

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "Yaya take?"

Na ce, "Babu kome a can, Baba. Fari ne kawai."

Ya yi ɗan murmushi, ya ce kansa yana sara. Ba mu ɓata lokaci ba. Muka shimfiɗa masa tabarma a cikin kwalekwalen, Inna ta riƙe kansa a cinyarta, ni na riƙe lema. Muka juya muka kama hanyar da na fito. Awa ta farko yana amsa sannu. Ta biyu ya daina. Muna cikin ta uku, har mun fara hango ƙarfen sabis na bakin ruwa ya ɗago bisa kacalla, sai na ji Inna tana maimaita kalmar shahada a hankali, ta sa hannu ta shafe masa ido. Dattijon ya kafe gorarsa a ƙasa, kwalekwalen ya tsaya. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Sa'an nan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya juya kan jirgin zuwa gida.

Maƙabartarmu tana ƙarƙashin ruwa, saboda haka a kan jigawar nan da Yaya ta tsaya ta kira ni muka binne shi, gab da magariba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bayan addu'ar uku na faɗa wa Inna lissafin da na yi a bakin ruwa, ban rage kome ba. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Auta. Ya nemi ya gan ka, ya kuwa gan ka. Kada ka ƙara ɗora wa kanka abin da ba naka ba." Na yarda da maganarta, domin na yi imani babu mai wuce ajalinsa, babu kuma likitan da zai rantse cewa allurar ranar Laraba za ta tashe shi. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne kuma ya hore mu da neman magani, kuma neman magani yana da hanya. Ajali na Allah ne. Kuskuren awo kuwa nawa ne, na kuma gane cewa ba ni kaɗai nake yin sa ba.

Mu da muka yi boko mun saba kallon ƙasarmu daga sama. Muna jin daɗin cewa nesa ta zo kusa, Kano da Legas sun zama maƙwabta, ana karin kumallo a nan a ci abincin rana a can. Gaskiya ne, kuma ni ba mai ƙin jirgin sama ba ne, da ba dominsa ba da ban ji muryar mahaifina ta ƙarshe ba. Amma jirgi birni da birni yake haɗawa. Layin da na ja daga rufin masallacinmu zuwa Legas babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa bin sa, domin babu abin da ke tashi daga ƙauyenmu sai tsuntsu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Maganin yana nan, an daɗe da sanin sa. Waɗanda maciji ke sara ne suke zaune a ƙarshen hanyoyin da taswira ba ta damu da su ba, tare da mai naƙudar da jini ya ɓalle mata da yaron da zazzaɓi ya sanƙarar.

Da na gama hidimar ƙasa na dawo gida na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Na bi ƙauyuka 11 da ke kewaye da mu, na zauna da 'yan acaɓa da masu kwalekwale da unguwarzoma. A kowane gari tambaya ɗaya nake yi, irin ta Baba: daga nan zuwa asibitin da ke da jini da allura, awa nawa ne? Na raba shafi gida uku, rani, da farkon damina, da lokacin da ruwa ya cika. A ƙasan kowane shafi na rubuta wanda ke da inji, da wurin da yake kwana, da kuɗin mansa, da tudun da ake samun sabis. Mun kuma buɗe ɗan asusu a hannun limaminmu, kowane gida yana zuba abin da ya sawwaƙa bayan girbi, domin kada jirgi ya sake yini a ɗaure saboda kuɗin mai. A daminar da ta wuce an taɓa asusun sau huɗu. Uku daga cikin waɗanda aka fitar sun dawo da ƙafafunsu.

Babu kilomita ko ɗaya a cikin littafin. Da malamina na jami'a zai gan shi, wataƙila ya ce wannan ba taswira ba ce, tun da nisan gari ɗaya ya zo da amsa uku. A shafin farko, inda ake rubuta sunan mai littafi, na rubuta kalma ɗaya: namu.